Asibitina a Rukunin Mahauta

Yaya,

Na fita kana barci, wata saniya ce ta kasa haihuwa.

Abokin nan naka, wai gwanin intanet, ashe a rukunin mahauta ya saka shafin asibitina cikin kundin adireshin sana'o'i. Ni, likitar dabbobi! Sati uku ko kyanwa ba a kawo min ba. Jiya wani ya bugo yana tambayar hanta.

Da na kira gwanin naka, wai, "Ai duk harkar dabba ce, Likita." Ka ji masu ilimi.

Masu kundin sun ce zan iya mayar da shafin zuwa rukunin lafiya da kaina, amma lambar sirrin tana hannunsa. Ka karɓo min kafin azahar. In ya fara ban haƙuri, ya riƙe kayansa, lambar kawai nake so.