Ni ce na haɗa Sodiyam da Kulorin

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Zan faɗa miki abin da ko mahaifiyata ban taɓa faɗa wa ba: labaran nan da suka karaɗe wayoyin 'yan ajinmu, waɗanda ake ta neman mai su, ni ce na rubuta su.

Shekarata sha takwas, ina ajin farko a jami'a, sashen kemistiri. Kujerata tana can layin ƙarshe, jikin tagar da ba ta rufuwa. Tun da muka fara ban taɓa ɗaga hannu ba. Ba wai ba na jin Turanci ba ne, ina karantawa, ina rubutawa daidai gwargwado. Amma da an ce in buɗe baki sai harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse, kalmomin su tsaya cirko-cirko a maƙogwaro, kowace tana cewa 'yar'uwarta ta fara fita.

Ni kuma mayyar littattafan soyayya ce. Yayana kullum cewa yake su suka cinye mini ƙwaƙwalwa. To abin da ban gane ba a lacca, in na koma ɗaki sai in mayar da shi labari da Hausa. Na rubuta cewa Sodiyam saurayi ne mai hannun kyauta, yana yawo da ƙwayar lantarki guda da ta yi masa yawa, Kulorin kuma budurwa ce da guda ɗaya tak ta rage mata ta cika. Ya miƙa, ta karɓa, suka manne wa juna, aka samu gishiri. Wallahi Anti, a haka ne kawai abin yake zama a kaina.

Wata rana na je shagon mai kwafin takardu na manta littafin da nake rubuta labaran a ciki a kan benci. Washegari na same shi inda na bar shi, amma shafuka huɗu sun riga sun shiga guruf ɗin ajinmu. Babu wanda ya gane rubutuna, don wa ya taɓa leƙa littafina? Ina zaune ina jin 'yan mata suna cewa sai yanzu suka gane darasin. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi ya kama ni, har na sake "mantawa" da wasu labarai biyu da gangan.

Ga inda ta ɓaci. Sau ɗaya a wata ana haɗa mu darasi ta bidiyo da ɗaliban wata jami'a a ƙasar waje. Su ma Turancin ba harshensu ba ne, amma ki ga yadda suke zuba shi ba ko gezau, da kurakuransu da komai. Akwai ma wani mai tabarau da ke fitowa a kusurwar allo, ban san sunansa ba, amma na riga na ba shi suna da gida da ƙanne mata biyu. Bar wannan. Malamarsu ta yi tambaya kan yadda gishiri yake haɗuwa, sai wani ɗan ajinmu da muke kira Rediyo, saboda bakinsa ba ya hutawa, ya fizgi makirufo ya juye labarina kaf da Turanci. Har ya ƙara da cewa Kulorin ta yi ta jan aji kafin ta amince, abin da ni ban rubuta ba. Ajinsu da namu suka fashe da dariya, malamar tana share ƙwalla tana tambayar inda ya samo wannan. Shi kuwa Dakta, malaminmu, fuskar nan kamar an aiko masa da saƙon mutuwa.

Da aka kashe na'ura ya ce jami'a ba dandalin tatsuniya ba ce, jarrabawa da Turanci za a yi, duniya ma da Turanci take sauraronmu. Ya ce wanda ya rubuta ya same shi a ofis kafin haɗuwa ta gaba. In ba haka ba zai cire ajinmu daga shirin baki ɗaya, ya ba wa wani aji.

Haushin kowa nake ji, Anti. Haushin Rediyo da ya yi ado da kayan da ba nasa ba. Haushin 'yan ajinmu da suka ci moriyar ganga, yanzu suna cewa ko wane ne ya fito kada ya ja musu. Haushin Dakta: in mutum ya gane abu da harshen da ya sha a nono, laifi ya yi? Ga haushin kaina da ya fi duka, don sau uku ina zuwa ƙofar ofishin nan, in karanta sunansa a jikin allo, in wuce kamar famfo nake nema. In na shiga ma da wane baki zan yi bayani? In na yi shiru kuma mutum sittin su rasa darasin saboda ni.

Kwana biyar takardar nan tana cikin jakata. Yau dai na liƙe ta da gam, zan ba Yaya ya ajiye miki a ofishinku in zai wuce wurin aiki. In ya buɗe, shi da Allah.

'Yar layin ƙarshe

*

'Yata,

Na yi dariya, sannan na sake karantawa a natse. Ki je ofishin nan. Kada ki jira ranar ƙarshe, ki je cikin makon nan, ki tafi da littafin a hannunki.

Ba ki yi laifi ba da kika nemi ganewa da harshenki. Wanda ya iya mayar da darasi labari har wasu suka fahimta, ya san darasin. Amma kada ki mayar da Dakta azzalumi. Mutum ne da aka yi wa ajinsa dariya a gaban baƙi, bai kuma san ko ta jin daɗi ce ko ta raini ba. Yana da gaskiya a wani wuri kuma: Sodiyam ba ya son kowa, kuma ranar jarrabawa babu makin jan aji. Labarinki tsani ne. Wasu 'yan ajinku sun hau sun zauna a kai, ba su ƙarasa sama ba.

Game da bakin da za ki yi bayani, rubuta jimla uku da Turanci: ni na rubuta, don in gane na rubuta, ban yi don a raina aji ba. Ki maimaita su a bayyane har su daina yi miki nauyi. In sun maƙale a gabansa, miƙa masa takardar. Sannan ki nuna masa labari guda da kika sake rubutawa, a ƙarƙashinsa kin sa bayanin kimiyyar tsantsa da Turanci, da ainihin sunan kowane abu. Wannan zai nuna masa ba gudun Turanci kike ba.

Ban yi miki alkawarin zai yi murmushi ba. Wataƙila ya yi faɗa. Faɗan minti goma ne, ya fi ki yi shekara huɗu kina sunkuyar da kai in an tuna ajin da aka cire.

Ke da kanki kin ce ɗaliban can suna magana da kurakuransu ba ko gezau. To me suka fi ki? Kullum ki karanta shafi ɗaya na littafin darasi da ƙarfi, ke kaɗai a ɗaki. A haɗuwa ta gaba ki yi tambaya guda, ko muryarki na rawa. Mai tabarau kuma a bar shi a kusurwarsa tukuna, shi da ƙannen da kika ba shi. Rediyo ki yafe masa, amma ki gaya masa ya riƙa tambaya kafin ya ari kayan mutane.

Allah ya sassauta zuciyar malaminku, ya buɗe miki baki, ya sa albarka a alƙalaminki.

Antinku