Shafin Ajamin Da Kuka Share

Zuwa ga Shugaban Kwamitin da ke kula da littafin jagora na Hausa na manhajar nan ta kallon bidiyo, wadda ake bayarwa kyauta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi maka sannu da aiki, kai da 'yan kwamitinka, da fatan gajiyar shara ta sake ku. Na karanta sanarwar da ka fitar kana yi wa jama'a albishir cewa kun tsabtace littafin jagora, kun kwashe duk wani tsohon bayani da ya daina amfani. Na kuma ga hoton da kuka ɗauka a ɗakin taro ranar da kuka gama, kowa da ruwan gora a gabansa, kowa yana murmushi. Madalla.

Sunana Hadiza. Ina koyarwa a Islamiyyar matan aure a wani ƙauye da ke gabas da Ɗanbatta. Na yi maka magana a zaurenku na intanet, inda kuka ce kowa ya kawo kukansa, na ga irin amsar da ake ba wa mutanen ƙauye a can. Shi ya sa na fito fili, don waɗanda suka tafa muku su san abin da suka tafa wa.

Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, sunanta Binta. Sanƙarau ya ɗauke mata ji tana budurwa, bayan ta sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinmu. Bakinta yana magana, idonta garau, tana karanta ajami kamar ruwa, amma ba ta taɓa shiga ajin boko ba. Tana tsintar magana a leɓen mutum, sai dai rabi da rabi. Ɗanta na fari, Auwalu, direban babbar mota ne a kudu, kuma da bidiyo yake gaishe ta. Idan ya turo, sai in zauna in rubuta abin da ya faɗa da ajami, in daidaita kowane layi da lokacin da yake fita daga bakinsa, ya riƙa bayyana a ƙasan hoton. Ita kuwa ta zauna a gaban kwamfuta, ido ɗaya a leɓensa, ɗaya a rubutun, ta haɗa su. Ta taɓa ce min, "In na ga rubutun ya zo daidai da bakinsa, kamar ina jin muryarsa nake."

Kwamfutata tsohuwa ce, tsohon samfurin manhajarku kaɗai take ɗauka. Shi kuwa tsohon samfurin, in ba a saita shi ba, wargaza ajami yake yi: haruffa su rabu da juna, su juya baya, wasu su koma 'yan akwatuna. A littafinku na koyi gyaran. Wani bawan Allah da bai ko sa sunansa ba ya rubuta shafi guda, ya nuna inda za a shiga da abin da za a canja, wuri bayan wuri. Na bi sau ɗaya shekarun baya, abu ya zauna, ban sake waiwayarsa ba. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Bayan ƙaramar Sallah ma'ajiyar kwamfutar ta mutu. Na kai ta Ɗanbatta ranar kasuwa, Malam Tasi'u mai gyara ya sa wata, ya mayar min da manhajar, amma saitin ya tafi da tsohuwar ma'ajiya. Muka buɗe littafinku a wayarsa don mu bi shafin. Babu shi. A wurinsa sai layi ɗaya: an cire wannan bayani saboda ya tsufa, a sauke sabon samfuri. Muka sauke sabon samfurin, kwamfutar ta ƙi buɗe shi. Malam Tasi'u ya laluba iya lalubensa, har masu jiran gyaran waya suka fara tsaki, ya ce min, "Malama, ni ajami a kwamfuta ban taɓa yi ba. Ki tambayi masu abin."

Na biyu. Na tambayi masu abin. Na yi sallama, na yi bayani, na faɗi halin yayata. Kai da kanka ka amsa, Ranka ya daɗe, kuma amsarka tana nan a zauren ga mai son gani. Ka ce babu wanda ke amfani da wannan samfurin yanzu. Ka ce in sabunta kwamfuta. Ka ce idan na matsa, ai babu abin da ke ɓata a aikinku, komai yana cikin tarihin gyare-gyare, in shiga in tono. Wani daga cikin mutanenka ya ƙara da hoton fuska mai dariya, ya ce ajami kuma a wannan zamani.

Ina so in tambaye ka, Injiniya, wa ka tambaya kafin ka ce babu mai amfani da shi? Ka zo kasuwar Ɗanbatta ka leƙa rumfunan masu tura karatu da wa'azi a waya, ka ga irin kwamfutocin da suke aiki da su? Ka shiga ofishin wata firamare a ƙauye? Abokanka na birni ka duba, ka ga kowa da sabuwar na'ura, ka yanke wa ƙasa gaba ɗaya hukunci daga kan kujerarka. Tarihin gyare-gyaren da ka tura ni kuwa na shiga. Turanci ne da lambobi da alamomi, jere bayan jere, babu kai babu gindi. Mutumin da ya zo neman bayani da Hausa, ka tura shi can, daidai yake da wanda ya roƙi ruwa a ƙofar gidanka ka nuna masa hanyar dam ɗin Watari. Kuma kun san haka. In da kowa zai iya tono a can, me ya sa kuka kafa kwamitin Hausa tun farko?

Na uku, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Tsakanin Yaya Binta da Auwalu akwai ɓaraka. Ya sayar da filin noman rani da mahaifinsa ya bari ba da saninta ba, ta yi fushi, ta ce kada ya sake taka mata gida. Tun daga nan ya daina turo komai. Tsakanin sallolin nan, ina cikin fama da ku, sai ga bidiyo daga gare shi. Yana zaune a gefen mota, ya cire hula, yana ba ta haƙuri. Ya ce ya yi kuskure, ya ce ta yafe masa. Ya ce ya sami aikin tuƙi a wata ƙasa, bayan babbar Sallah za su tafi shi da abokan aikinsa, kuma idan ta amince zai zo ya yi Sallah a gabanta, ta sa masa albarka.

Na san abin da za ka ce: ai sai a rubuta mata a takarda. Na rubuta. Na kunna mata bidiyon, na miƙa mata takardar. Ta dubi fuskarsa, ta sunkuya ta karanta, ta ɗago, magana ta riga ta wuce. Na mayar baya, muka sake. Ta kasa gane wace kalma ce ta wane motsin baki, ga shi yana magana kansa a ƙasa. A ƙarshe ta ninke takardar ta ajiye min a cinya. Ba ta faɗin sunansa, kasancewarsa ɗan fari. Ta ce, "Hadiza, wannan hannunki ne, kuma zuciyarki ce. Kin daɗe kina so mu shirya. Yaron nan ban san shi da irin wannan lafazi ba." Na rantse mata. Ta ce, "Kada ki yi rantsuwa a kan abin da ba zan iya dubawa ba."

Ba ta yi min ƙarya ba, na daɗe ina so su shirya. Shi ya sa maganata ba ta isa shaida ba. Abin da zai ishe ta shi ne ta ga kalma tana faɗowa a daidai lokacin da leɓensa ya yi ta, ta tabbatar da idonta, kamar yadda ta saba. Wannan ne kuka cire.

Na kira Auwalu na faɗa masa gaskiya, na ce ya zo kawai. Ya ce, "Inna Hadiza, ita ta ce kada in taka gidan. In na zo ba ta kira ni ba, na ƙara wani laifin a kan na farko." Aka yi Sallah, aka yanka rago, ta sa aka ware masa cinya aka soya aka ajiye, ba ta ce don wa ba. Bai zo ba.

Na huɗu. Tun da kun ce shara kuka yi, na zauna na duba abin da tsintsiyarku ta bari. Shafin da ke koya wa mutum canja launin manhajar daga baƙi zuwa shuɗi yana nan. Shafin tarihin kwamitinku yana nan, da sunayenku da muƙamanku, har da mataimakin sakatare na biyu. Akwai shafin da ke cewa a danna wani maɓalli a kusurwar dama, na sa Malam Tasi'u ya duba a sabon samfurin da ke kwamfutarsa, babu maɓallin, an ɗauke shi tuni. Wannan bayani ƙarya ne a yau, amma ya tsira, don bai daɗe da rubutawa ba. Shafin ajami gaskiya ne har gobe, amma ya tafi, don ya daɗe. Ashe ba karantawa kuka yi ba, ba gwadawa kuka yi ba. Shekarar rubutu kuka duba, kuka ja layi, abin da ya faɗa ƙasan layi kuka watsar. Wannan aiki ai ba ya bukatar injiniya, ba ya bukatar kwamiti, balle ɗakin taro.

Kada ka ɗauka ina gaba da cire tsohon bayani. Bayanin da ya daina aiki ɓatar da mutane yake yi, a cire shi. Mu nan kowace damina muna cire ciyawa a gonar gero, amma mai cire yana sunkuyawa ya dubi abin da zai tuge. Kuma kada ka ce min aikin sa kai kuke yi, ba a biyan ku. Na sani. Wanda ya rubuta shafin ajami ma ba a biya shi ba, kuma bai ɗauki hoto ba. Rashin albashi ba ya halatta wa mutum rushe abin da wani ya gina.

Na biyar. Bayan Sallah da 'yan kwanaki, wata baiwar Allah daga cikin kwamitinka, wadda ba zan faɗi sunanta ba don kada ku sa ta a gaba, ta turo min shafin a ɓoye. Ta ce ta ga maganata tun farko, ta yi zaton za ka amsa da kyau. Ta ce tono shi bai ɗauke ta lokacin shan shayi ba. Ka ji, Shugaba. Abin da ya fi ƙarfina, a wurinku bai kai shan shayi ba, kuma rubuta min gorin da ka yi ya fi shi cin lokaci.

Na bi shafin, haruffa suka haɗu. Na zaunar da Yaya bayan la'asar na kunna. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Da aka zo inda ya ce ta yafe masa, ta ɗaga hannu, na tsayar, na mayar baya. Ta sake kallo. Ta sa yatsa a kan layin, ta dubi bakinsa. Sannan ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe a haka. Da ta buɗe ta ce, "Shi ne ya faɗa. Kira min shi." A lokacin motarsu ta riga ta tsallake iyaka.

Saboda haka ina neman abubuwa kaɗan, kuma babu wanda zai sa ku zufa.

Ku mayar da shafin ajami inda yake. Idan ganinsa kusa da sababbin shafukanku yana ɓata muku ado, ku buɗe sashe ku rubuta a kansa da Hausa cewa na masu tsohon samfuri ne, ku zuba shi can tare da sauran da kuka kwashe, inda mutum zai same su ba sai ya roƙi kowa ba.

Kafin ku sake cire wani shafi, wani daga cikinku ya gwada shi a kan tsohuwar kwamfuta. In ba ku da ita, tawa tana nan, zan ba ku aro. Ku kuma sanar tun da wuri, ku saurari masu cewa suna bukata.

Ku cire shafin maɓallin da babu shi, tun da shi ne ainihin abin da kuka ce kun fito nema.

Shi kuma mai hoton dariya, a gaya masa cewa da ajamin da yake yi wa dariya ake rubuta wa kakarsa wasiƙa, in ta yi sa'ar iya karantawa.

Ban nemi ka ba ni haƙuri ba, don ban ga abin da zan yi da shi ba. Yaya Binta ta sa na ɗauke ta a bidiyo, ta yi kwalliya, ta zauna a kan darduma, ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ta sa masa albarka, har ta kira sunansa da bakinta, abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife shi. Na tura a lambarsa. Har yau saƙon bai nuna ya shiga ba. Kullum da safe in na je gaishe ta, kafin ta amsa sai ta miƙo hannu ta karɓi wayata ta duba da kanta.

Allah ya ƙara maka ilimi, ya haɗa maka da tambaya. Allah ya sa wa aikinku albarka, ya saka wa wanda ya rubuta shafin da wadda ta tono shi. Allah ya ja kwananka ka tsufa, ya kuma haɗa ka da masu duba amfaninka kafin su duba shekarunka.

Wassalam.

Hadiza,
malamar Islamiyya, daga ƙasar Ɗanbatta.