Saura Magani Ɗaya

Inna,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Baba? A gaida su Dije da mutanen Kucheri.

Ni lafiya lau, sai ɗan yanka a yatsa da ya ƙi warkewa. Kada ki damu. Likita ta ce ƙwayar cutar tana fitar da sinadarin da ke lalata magani, har tana ba sauran ƙwayoyin cuta wannan dabara. Fannin da nake karanta a nan ke nan, Inna, na san abin da ba ta faɗa ba. An canza magani sau uku, saura ɗaya.

Don Allah a daina saya wa Baba kafso a kyamis, a kai shi asibiti a Gusau a yi wa ƙafar gwaji.

Ki yi mini addu'a. Kumburin ya kai gwiwar hannu, da hagu nake rubutun nan.

'Yarki Sa'adatu,
daga Indiya