Kajin da Malam ya fesa wa fiya-fiya

Laraba da dare, Gashuwa

Tun jiya na gaya wa Malam kada ya fesa fiya-fiya a akurki, toka ta isa maganin ƙuma. Bai ji ba, don maganar mace ce. Da safe na tarar da kajin suna tangaɗi, wuya a karkace, yawu na zuba. Ya yi maza ya yanka huɗu kada su zama mushe, ya ba direba biyu daga ciki ya kai wa 'yarmu Hadiza a Nguru, tunda jego take.

Da azahar ƙanwarta Zainab ta dawo daga jami'a ta ga sauran. Ta ce, "Umma, gubar ce ta hau musu kai. An koya mana tana taɓa jijiya, har kitsen cikin ƙwaƙwalwa take canzawa. Yanka ba ya fitar da ita."

Hadiza tun tana ƙarama kan kaza take fara ci, ta fasa ta tsotse. Ga jariri a nono.

Na yi ta kiranta, sai bayan magariba ta ɗauki waya, farfesun yana kan wuta. Na ce ta sauke ta binne.

Ta yi dariya. "Umma, ba ke kika ce mai zubar da abinci ɗan'uwan Shaiɗan ba ne?"

Na ce wannan umarni ne. Ta ce to. Na san "to" ɗin Hadiza. Na sake kira, wayar a kashe.

Shekara nawa ina dukan hannunta a kan loma ɗaya da ta yar. Ya Allah, yau kaɗai ka sa ta manta da tarbiyyata.