Yadda Kyaftin Ya Tsira Daga Ramin Kada

Litinin, 7 ga Maris, 1988
Matata Marlys ta sake cewa ɗakin ƙasa yana warin tsohuwar takarda. Na ce mata ƙamshi ne. Shekara talatin da takwas da aure, har yau ba ta san bambancin ba.

Na jera littattafan Kyaftin Maddock a sabuwar kanta, na 1 zuwa na 60. Saura na 31, kamar kullum. Ina ɗan shekara sha ɗaya na karanta na 30 a tsaye cikin kantin maganin da ke sayar da su, mai kantin yana hararata. Ya ƙare Kyaftin yana lilo da igiya a kan ramin kada, igiyar kuma ta kama da wuta. Watan da na 31 ya fito ƙyanda ta kwantar da ni, kafin in miƙe an saye shi kaf a garinmu Duluth. Shekara hamsin ke nan bawan Allah yana rataye.

Laraba, 9 ga Maris
Na hangi Wendell Pruitt a wurin aski, na wuce. Tare muka yi aikin gidan waya, amma tun da ya riga ni ɗaga hannu a gwanjon 1974 ya tafi da na 31, sai gaisuwa daga nesa. Ya taɓa ce min, "Orval, da ka san yadda ya tsira…" sai ya tsaya nan yana murmushi. Mugu.

Asabar, 12 ga Maris
Joyce, 'yar Wendell, ta bugo waya. Wai yanar ido ta hana shi gani, ba ya iya karatu, kuma sai bayan wata shida za a yi masa aiki. Ko zan riƙa zuwa ina karanta masa? Na ce zan yi tunani. Kafin in ajiye wayar Marlys ta fara kwaɓa masa burodin ayaba.

Alhamis, 17 ga Maris
Na je. Ya rame, ban zaci haka ba. Amma bakin yana nan. Sai da ya sa na wanke hannu sau biyu, ya shinshina, sannan ya miƙo min na 31 cikin leda. Na buɗe, na gyara murya, na karanta layin farko:

"Bayan da Kyaftin ya tsira daga ramin kada, sai ya nufi tashar jiragen ruwa."

Shi ke nan. Na duba gaba, na duba baya, na ƙirga shafuka ko an yage wani. Babu. Ba a sake ambaton kada ba har ƙarshen littafin. Wendell ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

"Shekara sha huɗu ina ɓoye maka wannan," in ji shi. "Don tausayi."

"Ƙarya kake, tsohon banza."

"Ƙarya nake."

Juma'a, 18 ga Maris
Ban ci abincin rana ba.

Alhamis, 24 ga Maris
Na koma ne kawai don na manta hulata. Muka kwashe awa biyu muna musu. Shi ya ce kadojin a ƙoshe suke. Ni na ce akwai wuƙa a takalmin Kyaftin, ya ce in gaya masa amfanin wuƙa ga wanda igiyarsa ke ci da wuta. Da zan tafi ya turo min littafin, wai in ɗauka, tunda shi ko bangon ba ya gani. Na ce ba na karɓar sadaka daga ɓarawo. A mota na daɗe ban tayar ba.

Alhamis, 7 ga Afrilu
Na kai littattafaina gidansa, na 32 zuwa na 40, don nasa duk ɓera ya taɓa su. Idan na zo wurin faɗa yakan rufe ido yana kai wa iska naushi. Yau garin haka ya ture kofi a kan na 33, wanda ko Marlys ban taɓa bari ta riƙe ba. Ya ji ƙarar, ya daskare, ya tambaya ko ya ɓata wani abu. Na ce a kan tebur ya zube. Na goge da hannun riga, na ci gaba daga inda muka tsaya.

Da na gaya wa Marlys, sai ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.