Ƙuraje a Huhun Saniya

Goggo Hansai, don Allah ki taimake ni, ban san wa zan gaya wa ba. Ni ɗaliba ce a lise, wato sakandare, babana mahauci ne a unguwar Briqueterie. Huhun da ya yi kwantai shi yake kawo mana gida mu yi miya. Kwanaki malamar kimiyya ta ce in zo da guda a yi darasi. Tana yanka shi sai ta nuna mana wasu fararen ƙuraje masu tauri, ta ce alamar tarin fuka ce. Ta daɗe tana wanke hannu.

Goggo, na sha ganin ƙurajen nan a gida, yanke su ake yi a jefa wa kyanwa. Da ƙyar na iya gaya wa Baba. Ya ce da bismilla aka yanka, abin da aka ambaci sunan Allah a kansa ba ya cutarwa, in kuma boko ya fara sa ni shakkar Mahalicci zai cire ni daga makaranta. Wallahi ina salla, ban yi shakka ba. Amma ƙanwata Bintu tana ta tari tun kafin azumi, zanenta ya daina zama a ƙugunta. Jiya na ga jini a ɗankwalin da take toshe baki da shi. Shi ma Baba ya fara tarin. Na yi saɓo ne da na yarda da malama?

'Yar Mahauci

'Yata, ba ki yi saɓo ba. Babanki yana da gaskiya cewa bismilla tana halatta yanka, amma ba ta kashe ƙwayar cuta. Wanda ya halicci saniyar shi ya halicci ƙwayar, shi ya ba malamarki idon gane ta. Shi ma Baba tsoro ne ya kama shi: sana'arsa da mutuncinsa yake karewa, kada ki ja da shi.

Ban san ko huhun ne ya jawo ba, likita zai faɗa. Amma jini ba ya jira. Ki nuna wa mamanki ɗankwalin yau, gobe a kai Bintu asibiti a gwada majinarta, a gwada kowa a gidan. Ciwon yana warkewa in an sha magani har ƙarshe. A daina dafa huhun nan. Maganar makaranta kuwa, limamin unguwarku ya fi ki bakin yin ta da Baba.

Allah ya ba su lafiya, ya bar ki a ajinki. Kada ki wanke ɗankwalin sai mamanki ta gani.