Kwalbar Tasha ta Tara

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Na ba direba wannan takarda maimakon in kira, don na san kunnen Inna yana kan wayarki.

Kin sha tambayata aikin me nake yi a ɗakin gwaji. Jirginmu yana jan wata raga mai ƙananan idanu a teku, ta kwaso 'yan mitsi-mitsin halittun da ke yawo a ruwa, wasu ba su kai ƙwayar gishiri ba. A kawo mana su cikin kwalabe, kowace da lambar tashar da aka ɗebo ta a teku, mu niƙa, na'ura ta karanta DNA ɗinsu ta jero mana sunaye: wannan ɗan jatan lande, wannan ƙwan kifi. Wani lokaci sai ta rubuta "mutum". Ba abin mamaki ba ne, numfashin mai aikin ne ko gumin hannunsa ya faɗa ciki. Ƙa'ida ita ce a goge, a ja wa mai hannun kunne.

Wata bakwai ina gogewa ina shan faɗan Farfesa, don duk sanda aka gwada, da nawa yake dacewa. Makon jiya zazzaɓi ya kwantar da ni, ko ƙofar ɗakin gwajin ban taka ba. Abokiyar aikina ta yi komai ita kaɗai. Yaya, ya sake fitowa. Sai yanzu na lura ashe a kwalbar tasha ta tara kaɗai yake fitowa, daidai inda aka tsinci kwalekwalen ɗan'uwanmu Dogo babu kowa a ciki.

Ɓangaren DNA ɗin da muke karantawa daga uwa ake gadonsa. Nawa da naki da na Inna da na Dogo duk ɗaya ne, na'ura ba ta iya raba mu. Tun da na gane haka hannuna ya ƙi danna wurin gogewa. Ji nake ɗan'uwana nake ta sharewa wata bakwai.

Ki gaishe da Inna, amma kada ki ce mata komai.

Ƙanwarki, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai ke nake ji kamar boko ya fara taɓa ki. Mutum ya wuni yana niƙa ƙwarin ruwa, ai dole ya fara ganin 'yan'uwansa a kwalba. Ke da tun kina yarinya ba ki rufe baki in kina atishawa, yau kuma teku za ki ɗora wa laifi?

Bari in yi miki magana ta gaskiya. Shekara uku ke nan da ɓacewar Dogo, kuma ni ce nake nan, ba ke ba. Ni nake zuwa in janyo Inna daga matattakalar bakin ruwa da zani jiƙe har gwiwa. Da ƙyar da siɗin goshi ta daina zuwa, har ta yarda ran Asabar a raba kayansa. In wannan zance ya shiga kunnenta, wallahi sai mun ɗaure ta da igiya. In ma shi ɗin ne, to me? Kifi ya ci, ƙwarinku sun samu saura. Allah ya jiƙansa. Ki goge ki ci gaba da aikinki.

Na buɗe akwatinsa jiya don in shanya kayan, na tarar da su da danshi, suna warin gishiri. Rufin ɗakin ne, na sa a kira mai gyara.

Ki riƙa cin abinci. Yara suna gaishe ki.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri, ban goge ba.

Na tambayi Farfesa a kaikaice, ko abin da ya daɗe a teku zai iya fitowa. Ta yi dariya ta ce ruwan teku ba ya riƙe irin wannan sai na ɗan lokaci, rana da gishiri suna cinye shi. Ta ce duk abin da muka gani sabo ne. Sabo, Yaya.

Ga abin da ya sa na rubuto da gaggawa. Tasha ta tara ta fito tsaf wannan karon, babu mutum. Na yi hamdala, sai na buɗe sauran. Yana tasha ta bakwai. Jirgi ya sake fita shekaranjiya, yana ta huɗu. Lambobin nan daga gaɓa ake fara ƙirga su, kuma tasha ta ɗaya ita ce ta gaban matattakalar bayan gidanmu.

Ki ce na haukace, na yarda. Amma ba mu da rufi mai zubar da ruwan gishiri, kuma bana ko ɗigo ba a yi ba tukuna. Don girman Allah ki rufe ƙofar baya, ki riƙe makullin a jikinki. Ran Asabar ina tafe.

Auta

*

Auta,

Takardarki ta iso da hantsi. Inna ta fita tun da sassafe.

Ban gaya mata komai ba, Allah shaida, wasiƙunki suna ƙasan jakata. Maƙwabciyarmu ta gan ta a matattakala da farar rigar Dogo a goge a hannunta, tana faɗa tana dariya, irin yadda take yi masa in ya makara. Takalmanta muka samu a jere a matakin ƙarshe. Masunta suna ta nema.

Ki roƙi Farfesa jirgi ya fita gobe, a ɗebo duk tashoshin. In na'ura ta ce mutum, kada ki bari kowa ya goge. Kin ce ba ta iya raba uwa da ɗa. Ki sake gwadawa, Auta. Ni dai ki gaya mini mutum nawa ne.

Yayarki